Motar da Ta Shiga Takaba

Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata da abokansa, ya ce yana son in yi wa motarsa fentin nan marar sheƙi da ake yayi, wanda suke gani a waya. Na tambaye shi ko ya san yadda ake yinsa. Ya ce ai ba wani aiki ba ne, a fesa fenti ne kawai a ƙi gogewa. Abokan suka gyaɗa kai. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Haka kuke ku yaran yanzu: kun hango mutum riƙe da bindigar fenti yana kai hannu yana komowa, sai ku ɗauka ban ruwan alayyafo ne. To ku gyara zama. Ni Ummaru na yi wannan fenti a nan Bodinga tun ubanninku na yawo da bante, kuma ba yayi ya sa ni ba, wuya ce ta koya mini, har na kusa rasa sana'ata a kansa.

Aikin farko da maigidana Baba Labbo ya ba ni murfin injin wata tsohuwar motar haya ne. Ya ajiye mini bokitin ruwa da guntun sabulu da takardar sanfefa, ya ce in goge. Na goge tun hantsi har la'asar, yatsuna suka yi ja suka fara tsattsafo da jini. Na kira shi ina taƙama. Bai ko dubi murfin ba. Ya rufe idanunsa, ya bi ƙarfen da tafin hannu a hankali, ya tsaya a wani wuri da ni ban ga komai ba.

Ya ce, "Ga rami nan. Ido maƙaryaci na, Ummaru. Tahin hannu shi ka hwaɗin gaskiya. Koma."

Na daɗe ina wannan komawa kafin ya bar ni in taɓa bindiga, kuma ko da ya bari, ruwa ya zuba mini a ciki, ya sa ni in yi ta fesa bangon makwabta har hannuna ya koyi tafiya ba gudu ba tsayawa. Bindigar guda ɗaya ce tal a rumfar. Kofinta ya lotse a gefe, mariƙinta ya side saboda gumi, amma in ta buɗe baki fenti na fita lif kamar hayaƙi. Kwamfaresarmu mai hura wa bindigar iska kuwa ɗan injin fetur ne aka haɗa da tulun iskar wata matacciyar babbar mota, sai an lallashe ta take tashi. Baba Labbo ya koyi aiki ne a garejin soja yana saurayi. Yakan ba ni labarin manyan motocinsu da ake yi wa fentin da ba ya ɗaukar ido. Ya ce wani farin gari ake zubawa a ciki, daga gwangwani yake zuwa, ba ya narkewa a ruwa, ba ya shan mai, in ka murza shi a yatsu sai ka ji yana ƙara kamar dutsen da aka niƙe. Lokacin ina jin labarin ne kawai kamar tatsuniya, don wa zai biya kuɗi a kashe wa motarsa haske?

Da farar hula suka karɓi mulki, ɗan garin Shagari ne a kan kujera, sai hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta daina barci. Motoci wasu na bin wasu, masu zuwa gaisuwa da masu zuwa neman kwangila da masu zuwa a gan su kawai. Kowa kuma so yake tasa ta fi ƙyalli. Mukan fesa, mu goge, mu sake gogewa, har sai mai mota ya iya gyara karin hularsa a jikin ƙofa. Fentin mota na ƙasar waje ga shi nan a shaguna kamar gishiri, ga tina ta sirka shi, ga fila ta cike lotsawa. A cikin waɗannan shekaru Baba Labbo ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Bindigar ya bar mini, da rumfar, da sunansa.

A-kori-kurar Alhaji Arzika na cikin ayyukan da na yi ni kaɗai bayan rasuwarsa. Alhaji manomin albasa ne daga Dandin Mahe, yana kuma saye a hannun wasu yana kaiwa kasuwanni. Lokacin zaɓe aka ja shi cikin hidima, ya kawo motar na yi mata launin jam'iyyarsu daga hanci har wutsiya, da tambari a kowace ƙofa, aka ɗaura mata lasifika a ka. In ta taho sai ka kare idonka.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa. Tun kafin soja su zo an shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje suka fara ɓuya. Da suka zo aka rufe iyaka, sai tina ta ɓace, fila ta ɓace, fentin mota ya zama sai wane da wane. Sabulun wanka ma sai an bi layi. Ruwan sama kuma ya yi rowa. Masu motoci masu ƙyalli suka tura su bayan gida suka rufe da zana. Abokan sana'ata biyu suka tafi ci-rani kudu, ɗaya ya koma sayar da rake. Kwamfaresata ta yi shiru har kazar makwabta ta mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Wata safiya bayan an gama cire albasa, sai ga a-kori-kurar Alhaji Arzika ta tsaya, an ɗaɗɗaure buhuna a ƙofofinta don a ɓoye tambarin. Direbansa Bawa ya fito yana ɗingishi. Bayan mun gaisa na tambayi abin da ya samu ƙafarsa.

Alhaji ya ce, "Tsallen kwaɗo na. Kowane shinge munka kai, soja su ga launin ga, su ce direba shi sauko. Jiya har sau nawa, Bawa?"

Bawa ya ce, "Alhaji, ban ƙidaya ba, gwiwa dai ta sani."

Alhaji ya dafa motar ya ce, "Ummaru, motag ga ita ta jakina, ita ta raƙumina. A ɗebe mata launin ga. Amma ba ni son ta yi ƙyalli, kar a ce sabuwa nis saya a tambaye ni ina nis samu. Ba ni son mai tsada, albasa ba ta yi ba bana. Kuma ba ni son wanda za shi ɓare damina guda."

Na ce, "Alhaji, abu uku kan nema, kuma kowane na gaba da ɗan'uwanai."

Ya ce, "In ba ka iyawa, in sa yara su yaɓa mata laka."

Wannan magana ta sosa ni. Na ce ya ba ni lokaci.

Fentin da ya rage a kasuwa lokacin shi ne na mai, wanda ake shafa wa ƙofa da taga. Yana da sauƙi, yana kama ƙarfe, amma yana da aibi biyu. In ya bushe sheƙi yake yi, kuma sheƙi ɗan tonon asiri ne, duk lotsawar da ke jikin mota sai ya nuna ta, ni kuwa ba ni da filar da zan cike ko ɗaya. Na biyu, ranar Sakkwato kan kashe sheƙin nan wuri-wuri, motar ta yi dabbare-dabbare kamar mai kyasfi. Abin da nake buƙata shi ne garin nan na Baba Labbo, wanda zai kwantar da hasken tun farko bai ɗaya. Sai na jawo wata tsohuwar ƙofar mota na mai da ita allon gwaji.

Na fara da alli. Ya shanye man fentin, da ya bushe ya tsattsage, duk wanda ya jingina ya tashi da farar riga. Na gwada hodar mata. Ta dunƙule ta toshe bakin bindiga, rumfata ta yi ta ƙamshi kamar ɗakin amarya, masu wucewa suna yi mini Allah sanya alheri. Na gwada tokar murhu, fentin ya tsinke ya koma kamar nonon da ya kwana. Fenti na ƙarewa, Alhaji na aiko Bawa yana tambaya, ni kuwa dabara ta ƙare mini.

A cikin wannan hali na je Sifawa gaishe da Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyata. Sana'arta turara shinkafa da dafa sabulun salo, kuma da ɓuntun shinkafar take hura wuta saboda itace ya yi tsada. Ina zaune tana wanke kwanoni, sai na ga tana dangwalo farar tokar ɓuntun nan daga bayan murhu tana dirza gindin tukunya, baƙin yana fita nan take. Na ɗebo kaɗan na murza. Ta yi ƙara a yatsuna. Na jiƙa ta da ruwa, ba ta narke ba. Tsigar jikina ta tashi, kamar Baba Labbo ne ya yi mini magana a kunne.

Na gaya mata abin da tokar murhu ta yi wa fentina. Ta ce ai kowace toka tana da kaifi, shi ne ke cin mai ya mai da shi sabulu, sai an tsiyaye ta. Kun san yadda mata ke yi: tukunya mai huji, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a zuba toka, a zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kasko. Ruwan suke so don miya da sabulu, tokar da ta rage su watsar a juji. Na ce mata ni ta zubar da ruwan ta ba ni abin jujin.

Ta saki baki ta ce, "Ɗan ga, halan hwarin bana ya taɓa ma kai? Dut duniya ruwan aka so, kai ka son tuƙa?"

Duk da haka ta yi mini. Ta tsince farar zalla, ta fitar da duk mai baƙi don gawayi ne. Ta yi ta tsiyayewa tana ɗanɗana ruwan a harshe har ya zama lami. Ta shanya, ta niƙe a dutsen niƙa, ta tankaɗe da tsohon kallabinta mai laushi, har garin ya zama in ka yi numfashi kusa da shi sai ya tashi. Ta ƙulle mini a tsumma tana cewa kar in gaya wa kowa a garin ita ta yi, kada a ce su biyu suka zare.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa a fesa a ƙi gogewa. In toka ta yi yawa, fenti ya zama gari ya bi hannu. In ta yi kaɗan, ya tsaya tsakiya, ba sheƙi ba rashin sheƙi ba, wannan ya fi kowanne muni. Babu awo, sai ka ɗaga sandar motsawa ka ga yadda yake zuba. A sirka da kananzir da ɗan fetur, a tace, kuma kana fesawa kana girgiza kofi, don toka na son kwanciya a ƙasa. Sirrin ƙarkonsa kuwa shi ne ba a sa toka tun daga farko. Shafen ƙasa fenti ne zalla da mansa cikakke, shi ke riƙe ƙarfe ya hana ruwa shiga. Sai a na sama ake sa toka. Babban abin kuma, fenti mai sheƙi in ya zubo ko ƙwaro ya faɗa, kana iya gogewa ka gyara gobe. Wannan ba ya yafiya. Abin da hannunka ya ajiye shi zai zauna, in ka taɓa shi da sanfefa wurin ya yi tabo har abada. Na ɗora ƙofar gwajin a kan rufin rumfa rana ta gasa ta, na kwara mata ruwa, na ja buhu a kanta, na karce ta da farce. Ta tsaya. Sai na aika a kawo mota.

Na kankare launin jam'iyya har sai da ƙarfe ya fito fari, na bi tsatsa lungu-lungu, na shimfiɗa jan fentin nan mai hana tsatsa. Ba salatif a gari, don haka da takardar buhun siminti da kokon rogo na rufe gilasai da fitilu. Kore ban ko kusance shi ba, kada soja su ce an kwaikwayi motarsu, Bawa ya rasa ɗaya gwiwar. Shuɗi na haɗa da baƙi kaɗan. Na yayyafa wa ƙasa ruwa, na kore kazar, na lallashi kwamfaresa, na yi bisimilla tun rana ba ta yi zafi ba. Da na gama na kewaye motar da zana, na hana ta fita har sai da farcena ya daina shiga. Alhaji ya yi ta aike, na yi kunnen uwar shegu. Ranar da na yaye zanar, ga ta nan shuɗiya mai duhu, lumui, kamar zanen da ya fito daga marina ba a kai shi wurin bugu ba. Lotsawar nan duk sun ɓace wa ido. Na kama hannun Bawa na ce, "Ruwa da sabulu kaɗai. Kar ka shahwa mata gas, kar ka shahwa mata mai, ko wa yac ce." Na faɗi haka ne don na san halin direbobinmu, ba su jin mota ta wanku sai sun bi ta da tsumman gas, wato man dizal, ta yi ƙyalli. Ya ce to, irin to ɗin da ke shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Ranar kasuwar Shagari muka shiga tasha da ita, ni ina gaba kusa da Alhaji. Direbobi suka kewaye ta. Sai wani ya tambaya yaushe za a ƙarasa aikin. Sarkin Tasha, dattijo mai ƙaton ciki da bakin ba'a, ya taso daga bencinsa ya zagaye ta.

Ya ce, "Alhaji, Allah shi ba da haƙuri. Ashe motakka takaba ta shiga? Ba kwalli, ba mai, ba ado. Lalle mijinta ya hwaɗi!"

Tasha ta ɗauki dariya, nan take aka sa mata suna Mai Takaba. Sarkin Tasha ya shafa ta ya dubi hannunsa ya ce wannan ai ƙasa ce aka kwaɓa, ruwan farko zai wanke ta, almajirin Labbo ya zubar da sunan maigidansa. Da bai ambaci Baba Labbo ba da na haɗiye. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ku shaida. In hentin ga ya ɓare kahin a ɗebe albasar baɗi, ni da kaina in kawo bindigar Baba Labbo in aje gabanka, in bar sana'a."

Ya ce, "Jama'a kun jiya?" Suka ce sun ji. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Shekarar nan ba wanda ya kawo mini mota, kowa na jiran ya ga ƙarshen Mai Takaba. Da fentin gadajen ƙarfe da akwatunan amare na ci abinci, hannu baka hannu ƙwarya. Ita kuwa tana ta aiki. Zafin bazara ya bi ta kanta, ɗan ruwan da aka samu ya dake ta, ta ɗauki buhuna, ta ɗauki tumaki, ta ɗauki taki. A shinge soja ko kallonta ba su yi, sai su ɗaga mata hannu ta wuce. Duk sadda za ta ratsa Bodinga Bawa kan danna oda, ni kuma in leƙo in bi ta da ido har ta ɓace. Fentin na nan yadda na bar shi.

Albasa ta nuna, ganye ya fara kwanciya, har na fara sakin jiki. Sai wata ranar kasuwa wani direba ya tsaya bai ko kashe mota ba, ya ce, "Sarkin Tasha yac ce ka taho da bindiga. Mai Takaba ta ɓare."

Gabana ya faɗi. Amma alkawari kaya ne. Na wanke bindigar, na naɗe ta a tsumma mai tsabta, na shiga motarsa.

Na tarar da tasha cike, har masu tallan goro sun bar farantansu. Motar na tsakiya, kuma wallahi ban gane ta ba. Jikinta duk ya yi ja, ya yi ɓawo-ɓawo, ya tsattsage, wani wurin yana ɗagowa kamar ɓawon gyambo. Alhaji Arzika na tsaye ya sunkuyar da kai. Bawa na can baya da sabuwar hula da lalle a hannu, don a makon ya yi aure. Na durƙusa na gaida Sarkin Tasha, na ajiye bindigar a kan bencinsa. Ya ɓanɓaro ɓawo ɗaya da farce ya ɗaga sama kowa ya gani.

Ya ce, "Ummaru, ba mu so ma haka ba. Amma gani ya kori ji."

Na ce a bar ni in yi ban kwana da aikina. Na matsa kusa, na rufe ido, na ɗora tafin hannu a ƙofa kamar yadda aka koya mini. Fentin da ya ɓare kaushi yake yi, yana cizon hannu. Wannan kuwa santsi na ji a ƙarƙashin ɓawon. Na kai hannun hanci. Ƙamshin ƙuli-ƙuli! Na duba ƙasa, ga tururuwa sun yi layi suna hawa taya.

Na ce, "Bawa, taho nan. Mi kunka shahwa mata?"

Ya fara kame-kame. Alhaji ya ɗago kai ya daka masa tsawa, sai ya fashe da bayani.

Ya ce, "Wallahi ba ni na ba, abokaina na. Sunka ce ba a ɗaukar amarya cikin mai takaba, mugun hwata na. Sunka ce a hid da ita takaba tukuna, a yi mata wanka a shahwa mata mai kamar kowace mace. Gas ya yi wuya, shi na munka haɗa da man gyaɗa. Ta yi kyau hwa, Alhaji, ranar ta yi ƙyalli!"

Sauran kowa ya gane. Sun shafe ta da mai tun daga sama har ƙasa, suka bi jar hanyar Dandin Mahe a jerin motocin biki, ƙasa ta manne a man, suka ƙara wani man a kai don a kai gara, wata ƙasar ta hau, rana ta gasa su tare. Mutane suka fara dariya, amma Sarkin Tasha ya ɗaga hannu. Ya ce ko mai ne ko miya ce, ba ruwansa, shi dai bai ga fenti ba, kuma gas na cin fenti kowa ya sani. In akwai shi a ƙasa, a nuna masa.

Gaskiyarsa ce, ni ma ban san abin da zan tarar ba. Na nemi sabulu. A wannan shekara wa zai ba ka sabulunsa ka wanke mota? Kowa ya kau da kai. Sai na ji murya daga bayan taro tana cewa a ba ta hanya. Inna Kulu ce, ta zo kasuwa da shinkafarta, labari ya kai mata. Ta ratso tsakiyar maza da ƙwarya a ka, ta dire ta a gabana cike da curin sabulun salo.

Ta ce, "Wanke, ɗana. Ni nit tankaɗe tokag ga da hannuna, ba ta ba mu kunya."

Mai shayi ya ba da ruwan ɗumi. Na kwaɓa sabulu, na ɗauki soso, na fara da ƙofar direba. Jan ruwa ya riƙa gangarowa yana bin ƙafafuna. Na wanke, na ɗauraye, na sake wankewa. Jiƙaƙƙen fenti kowane iri sheƙi yake yi, don haka ba a iya sanin komai sai ya bushe. Muka tsaya muna kallon ƙofa. Rana ta fara shanye ruwan daga sama. Shuɗin nan ya fito, mai duhu, lumui, ba tabo ba tsaga, yana bin ruwan ƙasa har ya kai gindin ƙofa.

Wani ya yi kabbara, sai tasha ta kaure. Alhaji ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Ya juya ya sa Bawa da abokan ango su tuɓe manyan riguna su wanke sauran, Inna Kulu na tsaye a kansu tana nuna musu inda suka tsallake. Da suka gama Sarkin Tasha ya zagaye motar kamar yadda ya yi ranar farko. Ya sa farce, bai shiga ba. Ya ciro makullin motarsa ya goga a gefen bodi inda buhuna ke gurza, ya tofa yawu ya murza da babban yatsa. Sai ya koma bencinsa ya ɗauko bindigar, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗauki abinka, magajin Labbo. Bakina ya ja mani. Jibi in aiko ma da tawa, ita ma ta shiga takaba."

Daɗin da na ji a wannan rana ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka ɗaura mini aure. Kafin damina ta sake zagayowa, motocin da aka ɓoye a bayan gidaje sun fito sun yi layi a bakin rumfata, daga Shagari, daga Sifawa, har daga cikin Sakkwato. Kazar makwabta ta nemi wani wurin ƙwai. Inna Kulu ta daina ɓoye cewa ita ke tankaɗe, har ta ɗauki mata biyu suna taya ta.

Yau farin garin nan ana sayar da shi a gwangwani kamar yadda Baba Labbo ya faɗa, ba mai zuwa juji neman toka. Mai Takaba kuwa tana can Dandin Mahe a bayan gidan 'ya'yan Alhaji, ba inji ba taya, awaki ke kwana a ƙarƙashinta. Saurayin jiya na ce masa ya je ya gan ta, ya sa farce a ƙofar direba, in ya iya ɗago fentin zan yi masa nasa kyauta. Ɗazu ya dawo da karyayyen farce, yana tambaya ko zan koya masa aikin. Ya miƙa hannu zai ɗauko bindigar daga inda take rataye. Na buge hannun, na tura masa bokiti da sanfefa.